Koriyar Wayar Fitila

A shagon kayan wuta, wata mata ta ajiye doguwar fitila kusa da wani dattijo mai gyaran wuta.

"Baba, ara mini filaya in yanke koriyar wayar nan. Da bututun ƙarfe na haɗa fitilar, yau ina kunnawa fiyus ya ƙone."

Ya buɗe gindin fitilar.

"Ga wata waya ta goge tana taɓa ƙarfen, shi ya sa fiyus ya ƙone. Koriyar ce ta janye wutar zuwa ƙasa. Ba don ita ba, da jikin wanda ya taɓa za ta bi."

"Wannan 'yar siririyar?"

"Ita fa. Wa ke taɓa fitilar a gida?"

Ta daɗe tana kallon wayar.

"'Yata. Ita take dafawa tana koyon tsayuwa."

"To, ga filayar."

"Ikon Allah! Riƙe abarka, Baba."