Karen Malam Bulus

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Ni ce Hajara, ma'aikaciyar jinya daga Gyaɗi-Gyaɗi.

Satin da sojoji suka miƙa mulki, Alhajin da muke haya a gidansa ya tashi maƙwabcina Malam Bulus, malamin makaranta ɗan Filato. Direban motar kaya ya ƙi ɗaukar karensa. Ya ce da ni, "Sista, taimaka ki riƙa ba shi ruwa, jibi zan dawo."

Yau kwana goma sha biyu ke nan. Ban taɓa kiwon kare ba, amma kullum ina ajiye masa tuwo. Ba ya ci, yana kwance a ƙofar ɗakin da aka kulle. Alhaji ya ce ranar Juma'a zai sa masa guba.

Jama'a, ya zan yi? Malam Bulus, in kana saurare, don Allah ka zo. Ko haushi ya daina yi.