Bayarabe Ya Fi Ni Sanin Tarihin Kakana

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Sunana Sani, haifaffen Sabon Ibadan, mai sayar da albasa a Bodija.

Ranar Juma'a abokina Tunde, malamin tarihi, ya zo gaida Babana. Da hira ta kai ga fataken goro, sai ya kawo labarin hanyar Kano zuwa Gwanja, zango-zango. Baba ya ce, "Kakanmu ya bi hanyar nan, amma Sani bai taɓa tambayata ba." Ya jawo Tunde kan buzunsa, inda ni ban taɓa zama ba.

Wallahi kishi ya kama ni. Ni sarakunan Ingila na haddace a makaranta.

Masu sauraro, Baba ya tsufa. Na sayi kaset don ɗaukar muryarsa. Da wace tambaya zan fara?