Littafin da Ƙarshensa Ya Tafi da Ƙosai

Da sunan Allah nake buɗe wannan baki nawa, kuma shi nake roƙo ya riƙe mini linzaminsa, don duk wanda ya taɓa kawo mini keke gyara ya san halin bakin nan.

Shugaban wannan taro, mai unguwarmu Baba Ɗantsoho, Allah ya ƙara maka lafiya da yawan rai. Malam Liman da dattawan da ke kan tabarmar gaba, Allah ya gafarta muku. Malam Obadiya, wanda ya taso tun daga Wusasa a cikin ranar nan, sannu da ƙoƙari. Malaman elementare, akawuna, 'yan kasuwa, masu sana'ar hannu irina da suka rufe rumfuna suka zo. Iyayenmu mata da ke saurare ta bayan zana. Da ku yara, ku da aka tara mu dominku, na Tudun Wada da waɗanda suka tako daga Tudun Jukun: assalamu alaikum.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Salmanu mai facin keke, na gindin durumin da ke bakin hanyar Ƙofar Doka.

Ina godiya ga Malam Obadiya, shi ya yi ta kai da kawowa har akwatin littattafan nan ya iso unguwarmu, shi ne kuma ya ce a bar ni in yi magana, alhali akwai waɗanda suka so in zauna can baya wajen takalma. Ina godiya ga waɗanda suka kwaɓa ƙasa suka yaɓe ɗakin karatun nan da hannunsu. Ina kuma godiya ga Inna Saratu mai ƙosai, na san tana bayan zana tana ji, kuma nan gaba kaɗan za ku ji dalili.

An ce in zaɓo wa yara 'yan shekara takwas zuwa goma sha biyu littattafai uku na labarun tafiye-tafiye da abubuwan al'ajabi, waɗanda za su fara da su. An ce kuma in taƙaita. Zan zaɓa. Taƙaitawa kuwa ban yi alkawari ba.

Amma kafin nan, bari in faɗi abin da ke cina, kada ya fito ta wata hanya. Yara, ƙyashinku nake ji. Tun da safe nake kallon akwatin nan zuciyata na tafasa. Malam Liman, na ga ka ɗaga kai. Ban ce a raba su da shi ba, Allah ya bar musu. Amma ku duba: littafi sittin, kowanne da bangonsa, kowanne da farkonsa da ƙarshensa, an kawo muku har ƙofar gida, ba ku roƙa ba, wasunku ma sai da aka jawo su da kunne suka zo taron. Ni kuwa da nake shekarunku, da aka zo ɗiban yara zuwa makarantar boko, mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ce ɗansa ba ya zuwa. Aka ɗauki abokina Mika'ilu, wanda muke tabarma ɗaya a makarantar allo, wanda ni nake gyara masa karatun allonsa kafin Malam ya juyo. Ga shi can yau, Malam Mika'ilu, da farar riga, da makullin akwati a aljihu. Shi an koya masa baƙaƙen boko a inuwa, a kan benci. Ni a gindin durumi na tsince su ɗai-ɗai. Duk akawun da ya kawo faci, ba na sakin kekensa sai ya faɗa mini sunan baƙi ɗaya daga cikin rubutun da ke jikin taya. Wani ya faɗa da dariya, wani ya faɗa da tsaki, wani ya yi mini ƙarya don ya ga yadda zan yi. Shekara biyu na yi a haka kafin in haɗa kalma.

To, littafi na farko, mai koren bango. Wannan Malam Obadiya ya taɓa ara mini na wuni ɗaya, na bar kekuna uku a kife har masu su suka yi fushi. Labarin wa da ƙanwa ne, 'ya'yan wani marini, da suka faɗa tsohuwar rijiyar baba da aka daina rini a cikinta, suka ɓulla wani gari inda komai shuɗi ne: mutane shuɗi, tuwo shuɗi, har wuta shuɗiya. Mutanen garin ba su taɓa ganin ja ba, sai da yarinyar ta ciro ɗan barkono daga haɓar zanenta, gari ya rikice. Ku fara da wannan, ku 'yan ƙanana, don kalmominsa gajeru ne, kuma dariya za ta hana ku jin wuyar karatun. Iyaye, kada ku ji tsoro, babu wanda zai faɗa karofi saboda shi. Marubucin ya sa warin rijiyar a ciki yadda ya kamata.

Na biyu, mai rawayan bango, shi ma Malam Obadiya ya taɓa ara mini. Babu aljani a cikinsa ko ɗaya, ga iyayen da ke gudun haka. 'Yar masunta ce ta hau gorar kamun kifin ubanta da wasa, ruwa ya tafi da ita, kogi ya miƙa ta ga kogi, har ta ga ruwan da ba shi da gaɓa. Sauran littafin duk dawowarta ce a ƙasa, gari bayan gari, harshe bayan harshe, tana daka a wannan gida a ba ta tuwo, tana raino a wancan a nuna mata hanya. Wannan na ba 'yan mata shi musamman, na kuma ba duk yaron da ke tsammanin duniya ta ƙare a gadar Kubanni. Wanda ya gama shi zai san sunan koguna fiye da wanda aka sa ya haddace su da bulala.

Na uku, mai jan bango. A nan ne maganata take, ku gyara zama.

Shekara huɗu ke nan, wata safiya na sayi ƙosai wurin Inna Saratu, ta ƙunsa mini a takarda. Ina ci ina dubawa, sai na ga labari ne, ba lissafin kanti ba. Na bar ƙosan na koma da gudu. Na tarar da littafin a gefen kaskonta, an danne shi da dutse. Wani masinja ne ya kawo mata cikin tsofaffin takardu. Na ce, "Inna, don Allah tsaya, kada ki ƙara yagar ko ɗaya!" Ta ce, "Kai ɗan nan, ka tsorata ni, na ce ko mai ne ya kama wuta. Kwantar da hankalinka, 'yan takardun farko kawai na cire, na gaishe-gaishe. Labarin yana nan bai taɓu ba, ɗauki abinka." Jama'a, Inna Saratu ba ta yi ƙarya ba, kuma ba ta yi wauta ba. Ta riƙe littafin ne yadda ta ga ana riƙe littafi a gidan ubanta, yadda duk muka tashi muka gani a zauren malamai, ana buɗewa ta dama. Inda take ce wa farko, a boko nan ne ƙarshe. Don ta tsare mini labarin, ta sayar da ƙarshensa.

Na bi sawun waɗanda suka riga ni sayen ƙosan nan. Na je tasha, an ce fatake ne, jirgi ya tashi da su. Takarda ɗaya na hango a bakin akuya, na bi ta har bayan kasuwa, ta haɗiye tana kallona.

Labarin ɗan maƙeri ne. Rana ɗaya wuta ta mutu a garinsu duka, murhu da maƙera da fitila, ƙyastu ya ƙi kamawa. Yaron ya ɗauki kaskon uwarsa ya tafi neman garwashi a kan wani dutse mai ƙofa bakwai. A ƙofar ƙarshe mai tsaro ya ce masa, ga garwashi, amma ba a fita da shi sai an bar abu ɗaya a madadinsa: ko sunanka, ko hanyar gida. A ƙasan takardar da ta zo mini da maiƙo an rubuta, sai yaron ya ɗaga kai ya ce. Shi ke nan. Nan takarda ta ƙare. Shekara huɗu bakin yaron nan yana buɗe a cikin kaina.

Ku yaran da ke taruwa a gindin durumi bayan la'asar ina karanta muku, kun san ƙarshen da na ba ku. Ya bar sunansa, ya dawo da wuta, gari ya yi murna, amma ba wanda ya gane shi, har ubansa ya tambaye shi daga wane gari yake. Sai da ya durƙusa yana hura garwashin a murhu, uwarsa ta ga yadda yake karkata kai yana rufe ido ɗaya, ta saki ƙwarya. Na ga waɗansunku sun yi kuka a wurin. To, yau ina faɗa muku a gaban mai unguwa da Liman: wannan ƙarshe ba ya cikin littafi. Ni na ƙaga shi. Ina riƙe da bango babu komai a kai, ina motsa ido kamar mai karatu. Na yi haka ne don kun tsare ni da ido kuna cewa sai me ya ce, ni kuwa ba ni da zuciyar da zan ce muku akuya ta cinye.

Na so in faɗa muku da kaina, amma an riga ni. Shekaranjiya da akwati ya iso, Malam Mika'ilu ya biyo ta rumfata, yara na zaune. Ya ce, "Salmanu, na ga littafinka a cikin kaya, sabo fil. Ashe ba haka ya ƙare ba." Na ce, "Ka karanta shi duka?" Ya ce, "Ina na ga lokacin tatsuniya? Shafi uku na ƙarshe na duba, ya ishe ni." Na ce, "To, me yaron ya ce?" Ya shafa aljihunsa, makulli ya yi ƙara, ya ce, "Akwai doka."

Malam Mika'ilu, ba sai ka tashi ba, zauna, ban zage ka ba. Abin da ya faru na faɗa. Kai ka san ƙarshe ba ka san farko ba. Ba ka san kaskon na uwarsa ba ne, ba ka san yadda ya wuce ƙofa ta uku da takalmi ɗaya ba, ba ka taɓa jin sanyin garin nan a ƙashinka ba. Ni na san wannan duka, na haddace shi kamar sunana. Amma shafi ukun da ka leƙa kana hamma, da za a ce in ba da famfona da duk kayan aikina a kansu, wallahi ba zan yi ciniki ba, miƙawa zan yi. Ka ga abin da ya sa in na gan ka nake kawar da kai? Ba rigarka ba ce.

Doka kuwa, ga ta can manne a ƙyaure, 'yan kwamiti sun rubuta ta da kyakkyawan hannu: ba a ba da aron littafi, ba a kuma buɗe akwati, sai ga ɗan makaranta ko wanda ya gama. Na karanta ta da safen nan, da kaina, ba wanda ya taya ni. Na tsaya ina karanta takardar da ke cewa irina ba su iya karatu ba. An yarda in hau nan in gaya wa 'ya'yanku abin da za su karanta, ba a yarda in taɓa shi ba.

Saboda haka ina da roƙo, Baba Ɗantsoho. Dokar nan ku sake dubanta, ba domina kaɗai ba. Akwai teloli, akwai 'yan dako a tasha, akwai matan aure da suka koya a ɓoye wajen ƙannensu, dukansu da ƙishirwa irin tawa. In za a gwada mutum, a buɗe masa shafi a ce karanta, kada a tambaye shi bencin da ya zauna. Na san kwamiti ba ya zama sai bayan wata, kuma na san yadda ake cewa za a duba. Zan jira.

Ga kuma wannan. Tsohon littafina ne, da maiƙonsa, na ɗinke masa takarda huɗu a baya, na rubuta ƙarshena a kai da hannuna mai kama da tafiyar kaza. Na ajiye shi a gabanka, ranka ya daɗe. A sa shi cikin akwati kusa da sabon. Dokar ta hana ni ɗauka, ba ta hana ni ajiyewa ba. Yara su karanta duka biyu, su zaɓa. In na marubucin ya fi, ku faɗa mini a fuskata. Zan ji zafi, zan yi kwana biyu ba na amsa gaisuwa, amma zan yarda. Marubucin nan ban san shi ba, ban san garinsu ba, kuma babu mutumin da nake kishi a duniya kamarsa, don shi kaɗai ya ji abin da yaron ya ce tun kafin kowa.

Ku kuma yara, ku da dokar ta yarda da ku. Shekara huɗu ina karanta muku, ban taɓa neman ko ruwan sha a hannunku ba. Gobe za a buɗe akwati. Wanda ya fara samun mai jan bango, kada ya yi irin na wani ya leƙa baya. Ya fara daga farko, ta hagu, ya bi yaron ƙofa bayan ƙofa. In ya kai wajen mai tsaro, ya sa yatsa a wurin, ya rufe littafin, ya zo gindin durumi. Zan ajiye keken kowane ne, ko na Joji mai shari'a ne. Zan zauna a ƙasa inda kuke zama, shi ya hau kan akwatin kayan aikina, ya karanta mini. In ya yi tuntuɓe a kalma ba zan gyara masa ba, ba zan ce uffan ba, kun kuwa san abin da wannan yake nufi a wurina.

Allah ya sa albarka a ɗakin nan da abin da ke cikinsa. Allah ya tsare akwatin nan daga gara da ruwan sama da awaki. Allah ya buɗe ƙirjin 'ya'yanmu, na allo da na boko, ya sa su fi mu, ko da zuciyata za ta yi ƙuna in sun fi ni. Allah ya saka wa Malam Obadiya, ya ja kwanan Baba Ɗantsoho, ya ƙara wa Inna Saratu kasuwa, ya kuma hore mata ganye ta daina ƙunshi da takarda. Malam Mika'ilu, Allah ya ba ka lokacin tatsuniya. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Ni kuma Allah ya kai ni gobe da la'asar da kunnuwana biyu.

Na gode.