Gadar Rumawa a Tashar Tasawa

A tashar Tasawa muna jiran motar Mayahi, wani dattijo mai malafa ya leƙa hoton da ke cikin wayar budurwar da ke zaune kusa da shi.

"Ɗiyata, ginin su wa ke nan?"

"Rumawa, Baba. Gada ce mai ɗauko ruwa daga dutse zuwa gari."

"Rumawan Katsina? Kakata 'yar Ruma ce, da tulu ta ɗauki ruwa har ta mutu."

"Rum ta Turai, Baba! Tun da soja suka hau mulki aka rufe iyaka, malaminmu ya tafi. Da wayar nan nake shirin jarrabawar bak ta gama sakandare."

"Ana fama da fari, ke kina kallon gada! Koma ki taya uwarki daka."

"Dakan me? Bana ko zangarniya ba mu gani ba. Jiya na koyi cewa iri ba mutuwa yake yi a busasshiyar ƙasa ba, jira yake. Jarrabawar nan sai na zauna ta."

Rana ta hana ta ganin hoton. Dattijon ya cire malafarsa, ya yi wa wayar inuwa.

"Maido baya, in ga ta inda ruwan ya bi."