Abin da Ya Hana Ni Hawa Bene

Bijimin noman babanmu aka sayar aka yi min guzuri. Ke Hauwa, daina ƙyalƙyala, ba ke kika tambayi dalilin da Kaka ba ya hawa benenku ba? Tsoro ne, na faɗa. To saurara.

Ta Sudan na bi, na isa Jidda daidai lokacin da kuɗin mai ya fara zuba. Yayana Isa ya riga ni, yana dako a tsohuwar kasuwa. Gidan da muke aiki, ƙasa shagon yadi, tsakiya sito, can ƙoli kuma makwancinmu. Da dutsen teku aka gina shi, fari mai ramuka kamar soso, an jera katako tsakanin duwatsun. Tagogin kuwa sassaƙa ce sai ka tsaya kallo. Roshan suke ce musu, Yaya Isa kuma kullum "roshi", ka ce akuya yake kira.

Maigidan, wani Balarabe mai tumbi, ya ga kowa na ginin siminti, shi ma ya ɗora hawa biyu a kan tsohon gidan. Ba a jima ba bango ya tsage, hannuna ma shiga yake.

Na ce wa maigidan, "Ya ammi," wato baffa, "gidan nan kuka yake."

"Kakana ya gina shi! Yalla, ku shafe!"

Muka shafe da farar ƙasa kamar yaɓen damina, zuciyata dai ba ta kwanta ba.

To, daga ni har Yaya babu mai iƙama, takardar zama ke nan. Da an ce askarawa sun shigo kasuwa, sai mu haye sito mu lafe bayan dilolin yadi. Haka kowane ɗan ci-rani yake yi, sama ce mafaka.

Rannan aka kwana ana ruwa, abin da ba a saba ba. Dutsen nan ya sha ya ƙoshi. Da hantsi muka ji, "Askar! Askar!" Muka haye. Muna tsugune sai ƙasa ta fara zubo min a ka. Katako ya ce ƙas! Shafen da muka yi ya ɓalle, na hango titi ta cikin bango. Na taɓo Yaya na nuna masa.

"Yaya, mu fita."

"Mu fita ina? Su kama ni in koma gida hannu rabbana? Zauna, yanzu za su wuce."

"Yaya, don Allah!"

"Kai dai matsoraci ne tun kana yaro."

Na ja hannunsa, ya fizge. Na sauko da gudu, na faɗa hannun wani askari da kaina. Ya damƙe ni ya ce, "Halas," wato shi ke nan. Ina nuna sama ina ihu, Larabcin ya gudu, Hausa kawai ke fita: "Yayana! Yayana!" Ya ɗaga kai ya duba. A kan idonmu roshan ta fara sunkuyowa, sannan gidan ya durƙushe gaba ɗaya. Ƙura ta rufe kasuwa.

Daga ni sai rigar jikina aka maido ni gida. Da na yi sallama, Inna ta fito da murna, ta riƙe ni, tana ta leƙen bayana.

Tashi, Hauwa. Sauko min da tabarmata, a tsakar gida zan kwana.