Ƙaramar Gangar Odyek

Ranar da aka aiko mini cewa mijina Odyek ya rasu a asibiti a Gulu, na baro garinmu Dokolo, na zauna a tashar Lira ina jiran motar Gulu. Kusa da ni akwai wata tsohuwa da wani mutum riƙe da bututun jan ƙarfe.

"Ɗana, giyar waragi kake dafawa?"

"Ita ce, Mama. Dokolo za ni, a ƙera mini ƙaramar gangar nan ta tsakiya, wadda tururi ke ratsawa kafin ya huce."

"Iyayi! Mu da tukunya ɗaya muka aurar da 'ya'ya."

"Shi ya sa taku ke fasa kai."

"Ji bakinsa! Wa zai ƙera?"

"Odyek maƙeri. Tasa bugawa take, dum, dum. Ya ce da gangan ya bar mata ƙarar, don matarsa ta ji daga madafa ta san yana gida."

"To ka gaishe ta, ta yi dacen miji."

Motarsa ta tashi ban faɗa masa Odyek ya rasu ba. Har yau kowace safiya ina buɗe maƙerar in share, ko mutumin zai dawo in faɗa masa da bakina.