Allura Ba Ta Ganin Hanya

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiyar direbobi, malamanmu, baba mahaifin marigayi, uwar 'ya'yansa, da dangin fasinjojin da suka rasu tare da shi, sannunku da haƙuri.

Ni bakanike ne, ban iya jawabi ba. An tsayar da ni ne don ni na buɗe motar da ya yi hatsari da ita bayan an jawo ta gareji.

A tasha Sannu-Sannu muke ce masa. Ya kasance direban da fasinja ke yi wa tsaki. Wata hajiya ta taɓa ce masa, "Malam, ko in sauka in tura?" Ya ce, "Hajiya, zauna, tamanin ce iyakata." Ya kasance mai koya wa sababbin direbobinmu tuƙi, kullum maganarsa ɗaya: ka yarda da allurar gudu, kar ka yarda da zuciyarka. Ya kasance wanda muke damƙa wa iyalanmu in za su yi tafiya.

Yau kuma ana cewa gudu ya yi ya kashe mutane. Wallahi maganar nan tana ƙona mini rai.

To ku ji. Ana gobe zai tashi, mai motar ya sa aka canza mata tayoyi manya don ta ƙara ɗaukar kaya, kamar yadda muka saba a tashar nan. Ba wanda ya gaya masa komai, don ba mu ɗauki canjin taya wani abu ba. Ita allurar gudu ba ta ganin hanya, juyin taya kawai take ƙirgawa. Na shafa alli a tsohuwar taya da sabuwar, na gangara su a ƙasa, na auna. Kowane juyi, sabuwar ta fi cin ƙasa. Mota ta doshi casa'in da kaya niƙi-niƙi, ga kwana a gaba, shi bai sani ba.

Ke babbar 'yarsa, an ce kin daina zuwa makaranta saboda gorin da ake miki. 'Yata, ɗago kanki. Da idona na ga allurar nan a cikin tarkace, ta maƙale a kan tamanin. Babanki bai ƙara ko ɗaya ba.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan waɗanda ya ɗauko. Mu kuma da muke juyawa da irin tayoyin nan har yau da safe, Allah ya yafe mana.